An Zo Auna Fartanyoyinka, Abdulsalami

Ranar Talata, 6 ga Mayu, 2025, ana tsakiyar zafin bazara, Allah Ya karɓi ran Malam Abdulsalami maƙeri na Kwandiko, bayan ciwon ƙoda da ya daɗe yana cin sa. Daga Allah muka zo, wurinSa za mu koma. Ni ne Obadiya, malamin zane a Birnin Kudu, abokinka na shekara da shekaru, Abdulsalami, kuma ba zan ɓoye ba, da fushi nake wannan rubutu.

Na zo ƙasar nan baƙo, ban san kowa ba. Kai ka share mini rumfa a bayan maƙera na riƙa shanya zanena. A nan ka nuna mini cewa kowace fartanya da muryarta, gwargwadon yadda ƙasa ta cinye ta. Ka bi gidaje daga Kwandiko har Farin Dutse da Yalwan Damai kana neman aron fartanyoyin manoman da suka rasu. Duk gidan da aka ba ka, sai ka ƙera musu sabuwa kyauta.

Bara bayan girbi muka shirya taron nan na yamma a gindin duwatsu, bayan garin Birnin Kudu. Ka rataye fartanyoyin a doguwar igiya. Na kafa zanen da na yi da jar ƙasa da toka a kan buhunan gero. Mata biyu suna sheƙar hatsi a tsakiyar fili ba sa magana, lasifika tana fitar da ƙarar injin niƙa da kukan kwaɗi da ka naɗa, kai kuma kana bi kana buga ƙarafan a hankali. Babu waƙa, babu kirari, babu rawa.

Abin da ba a yafe maka ba ke nan. Ana ta tambaya, wa ake yi wa kiɗan? Manya sun zo da shirin jin sunayensu, ba a ambaci kowa ba. Aka yi ta shewa. Sai yayanka, Alhaji Yunusa, ya miƙe ya kashe janareta da hannunsa, ya ce, "Ya isa haka, Abdulsalami. Ka gama zubar mana da mutunci."

Ka ci gaba da bugawa babu lasifika. Can sai wata tsohuwa daga Farin Dutse, Inna A'i, ta ce, "Ɗan nan, sake buga waccan. Ta Malam ce." Wai haka take ƙara in marigayi mijinta ya dawo gona ya kakkaɓe ta a dutsen ƙofar gida. Ta rufe fuska da mayafi. Yawancin mutane dai sun riga sun watse, suna tafe suna dariya.

Su ne na gani sun cika tabarmi a zaman makokinka. Da baƙi suka zo daga Kano suna yaba aikinka, Alhaji Yunusa ya sunkuyar da kai yana cewa an yi rashin mai basira. Da bakin nan dai nasa. Kana kwance kana jinya bai taɓa tambayar abin da kake ƙoƙarin yi da ƙarafan nan ba, kuma tun kafin sadakar uku ya aika wa mai sayen tsohon ƙarfe ya zo da sikelinsa. Na ce wa Alhajin fartanyoyin nan aro ne, suna da masu su. Ya ce, "Malam Obadiya, maganar gado ce, ba ta shafi baƙo ba."

Na ji. Na hau babur na bi gidajen da ka bi, na gaya musu halin da ake ciki. Inna A'i ce ta fara isowa maƙera, inda fartanyoyin suke rataye a igiya. Idonta ya yi rauni, sai ta ɗauki tsakuwa tana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya har ta ji tata, ta naɗe ta a gefen zane. Sauran suka biyo baya. Ko da mai sikeli ya iso, igiya kawai ya tarar.

Kada wani ya ce mun yi nasara. Abin da ka ƙare ƙarfinka kana tarawa ya warwatse, ba za a sake jin su tare ba, kuma na san waɗanda suka jawo.

Allah Ya jiƙanka, Abdulsalami, Ya gafarta maka, Ya sa ka huta. Allah Ya ba matarka Ummussalma da 'ya'yanka haƙurin rashinka, Ya raya abin da ka bari. Alhaji Yunusa, kai ma ina yi maka ta'aziyya. Igiyar tana nan rataye inda take, ita kam taka ce ta gado.