Inda Takabado Ke Takawa

Bayan gidanmu a Ƙofar Guga akwai kududdufi, tsohon ramin da aka ɗebi ƙasar gini. Da rani filin wasanmu ne. Da damina ta kankama sai ya cika ya batse, bado ya rufe shi ruf, ita kuma Kaka Dije, mahaifiyar Innarmu, ta sauya hali. Tsohuwar da ke ɓoye mana ƙuli-ƙuli a bakin zane sai ta koma mai faɗa, ko ƙofar gida muka leƙa sai ta tambayi ina za mu.

Bayan magariba takan tara mu gaban murhu tana gasa mana masara, kwaɗi na ta kuka a bayan katanga. Tatsuniyoyinta duk na dariya ne, ban da guda ɗaya. In za ta yi wannan, ba ta ma jiran mu ce ta zo mu ji ta. Wuta kawai take kallo.

Wai wata yarinya aka aika wanki bakin ruwa. Sai ta hangi takabado, tsuntsun nan mai dogayen yatsu da ke tafiya bisa ganyen bado. Ya burge ta, ta so ta gan shi kusa. Ta matsa, ya matsa. Ta ce a ranta, inda tsuntsu ya taka ai akwai ƙasa. Da la'asar aka tarar da kwanon wanki a bakin ruwa, ganyen bado ya koma ya haɗe kamar ba abin da ya ratsa shi.

"To ina ta tahi, Kaka?" in ji ƙanwata Bilki.

"Ƙasa ta yi, ɗiyata. In kunka ga belbela tsaye cikin ruwa, wurin da tudu. In kunka ga takabado, babu komi ƙarƙashinai sai zurhi."

Daga nan sai mu koma rigimar wa ya ci babbar masara.

Na girma na kama aikin gwamnati, na kuma ɗora wa kaina ɗaukar hoton tsuntsaye, abin da abokaina ke kira aikin marasa aiki. Bara, da sassafe bayan an kwana ana ruwa, na je kududdufin da kyamara. Na ɗauki belbelu, na ɗauki wani guza yana shan hantsi. Can sai ga takabado da 'ya'yansa biyu, abin da na yi shekaru ina nema.

Wanda ya manna ido a kyamara ba ya ganin ƙafarsa. Na matsa, ya matsa. Na ƙara taku ɗaya sai na ji babu ƙasa. Bakin ramin a miƙe yake kamar bango. Ruwa ya rufe kaina, jijiyoyin bado suka naɗe min ƙafa. Wani makiyayi da ya kawo shanu shan ruwa ne ya miƙo min sandarsa. Kyamarar tana can har yau.

Da na shiga gida jiƙe sharkaf, Inna ta dube ni, ta zauna daɓas a ƙasa.

"Ta wane gehe ka hwaɗa?"

"Wajen tsamiya, Inna."

Sai ta ce, "Nan Yaya Hajo ta shiga. Shekararta tara, ni ina goye."

Ban taɓa jin sunan ba sai ran nan, kuma Kaka ta daɗe da rasuwa, balle in je in zauna kusa da ita. Abin yana ci min rai har yanzu. Duk damina matar nan tana zama gaban murhu ta sake nutsar da 'yarta a gabanmu don kada mu bi ta, mu kuwa muna ta cin masara.