Bangon Goggo Bula

Kun taɓa ƙirga yatsun hannun yara goma sha huɗu? Ɗari da arba'in ne, kuma Goggo Bula ta rantse babu ko ɗaya a cikinsu da bai taɓa ɓata mata wanki ba.

Goggo Bula mai wanki da guga ce. Bular wanki ta rina mata hannuwa har ba ta fita, daga nan sunan ya bi ta. Tun rasuwar mijinta take haya a ɗakin ƙarshe na wani dogon gida, kuma dukiyarta ba ta da wuyar lissafi: baho uku, bokiti biyu, dutsen guga na gawayi, sai igiyar shanya da ta bi jikin bangon tsakar gida. Bangon na bulo ne, ba a shafe shi ba. Abin da ke riƙe da ita shi ne wankin wani ƙaramin asibiti, zannuwan gado ashirin farare tas, da Sista, babbar nas ɗin wurin, take aiko mata duk mako. Wankin 'yan unguwa ƙari ne kawai.

Ana zaune lafiya wata matashiya ta kama ɗakin farko, ta buɗe ajin koya wa ƙananan yara abacada. Kowa Malama yake ce mata, ban da Goggo. Ɗakin a matse yake, allunan rubutu shida ne, don haka shida na ciki, takwas na tsakar gida suna jiran layi. Su takwas ɗin ne suka gano buhun gawayin Goggo a bayan ƙofa. Suka kuma gano bango.

Iska na kaɗawa, jiƙaƙƙen zane ya manne da bango, ya tashi da baƙin harafi a tsakiyarsa. Goggo ta kwaso shi ta tsaya a ƙofar aji.

"Ke 'yar nan, fito ki karanta mini wannan, tunda ke ce mai boko."

Malama ta leƙo, alli a hannu. "Ina kwana, Goggo?"

"Riƙe gaisuwarki. Ja'iran nan naki sun mayar mini da zanen asibiti jarida."

"To ai gawayinki ne, Goggo. Ni ban sayi gawayi ba."

"Au, sata ma kike koya musu?"

"Ni dai rubutu nake koyarwa. Wannan ma ya yi kyau, a ce yaro ɗan shekara huɗu ne ya yi shi."

Goggo ta yi duk abin da mai fushi ke yi. Ta ɓoye buhu a ƙarƙashin gado, yaran suka koma tono guntayen da ta zubar cikin toka. Ta yanko tsumagiya, iyaye uku suka zo mata da rigima. Ta kai ƙara wurin mai gidan haya, ya ce shi bai ba kowa hayar bango ba, ya rufe ƙofarsa. Gawayi a jiƙaƙƙen farin zane kuwa ba ya fita da daɗi. Sai an dirza har zaren ya fara kuka, kuma inuwarsa na nan.

Sista da kanta ta zo, ta ware zannuwa huɗu a gaban Goggo.

"Goggo, marar lafiya ba zai kwanta a kan wannan ba. Ina ganin girmanki, amma in na sake ganin tabo ɗaya, wurin masu injin wanki zan kai."

Ba ta ko zauna ba. Malama na jin komai ta taga, ta ƙara ɗaga murya da waƙar abacada, yara na amsawa.

Washegari Goggo ta ɗebo ruwan ɗauraya da tsohon buroshi ta hau wanke bango, tana dirza tana tsine wa duk wanda ya ƙirƙiro boko. Wata mitsitsiyar yarinya da ake kira 'Yar Tsigi, 'yar mai gyaran babur, ta lallaɓo ta tsoma yatsa a bokiti, ta zana zagaye a busasshen bulo, ta yi masa jela.

"Cire mini ƙazamin hannunki, mai ido a tsakar ka!"

Yarinyar ta ja da baya, amma ba ta gudu ba. Goggo ta ɗaga buroshi za ta goge ɓarnar, sai ta ga babu abin gogewa. Rana ta riga ta. Harafin ya dushe, ya ɓace, bulo ya koma yadda yake.

Ta tsaya da buroshi a sama. Ba tausayi ne ya kama ta ba, lissafi ne. Ta gwada hana su rubutu, ba su hanu ba. Ruwan ɗauraya kuwa kullum a kwata take zubar da shi.

Ta shiga ɗaki ta tattaro tsofaffin buroshin haƙori da take dirza wuyan riga da su, ta cike da tsumma ɗaure a kan tsinke, ta dire bokiti a gindin bango.

"Ku zo nan, 'yan banza. Kowa bulo ɗaya. Wanda na sake ganin gawayi a hannunsa, da shi zan haɗa in wanke."

Yara suka yi caa a kan bokiti. Bulo ɗaya ya zama gidan harafi ɗaya, layin siminti na sama da na ƙasa su ne iyaka. Daɗin abin, rubutun ba ya zama. Kafin yaro ya gama taƙama da nasa ya bushe, dole ya sake. 'Yar Tsigi kaɗai takan yi harafi ɗaya sau talatin kafin layi ya zo kanta, ba a ci takarda ko fensir ba.

Goggo ba ta san sunan ko harafi ɗaya ba, ba ta kuma nemi sani ba. Amma macen da ta yi rayuwarta tana tsayar da karin wando ba ta iya ganin abu a karkace ta yi shiru.

"Kai mai kunnen zomo, wannan sandar taka maye ta yi? Miƙe ta! Ke kuma naki ya zubo ƙasa kamar ɗan kamfai."

Malama ta fito a fusace. "Goggo, ɗalibaina ne fa. Kuma wancan da kike yabo a juye yake, cikinsa hannun dama yake kallo."

"To juya shi mana, aikinki ne. Ni dai a tsaye na gan shi."

Haka suka raba aikin ba tare da sun shirya ba: Malama na gyara ta taga da tsawa, Goggo na gyara daga bakin baho da zagi. Zannuwa ashirin suka tafi asibiti, ashirin ɗin Sista ta karɓa, ta aiko da wasu.

Har yau matan nan biyu ba sa gaisawa. Malama na gaya wa iyaye wai sabuwar dabarar koyarwa ce ta fito da ita. Goggo kan ji, ta yi tsaki, ta ce dabarar da ba ta da bokiti. Ranar da suka yi faɗa sosai Goggo kan shigar da bokitin ɗaki, sai ta tuna da Sista, ta fito da shi tana ƙunƙuni.

In akwai ƙaramin yaro a gidanku, ku samo kofin ruwa da tsohon buroshi, ku nuna masa bango ko daɓen siminti inda rana ke bugawa. Ku ba shi harafi ɗaya, ku zauna ku ƙirga sau nawa zai sake shi kafin ya gaji. Zagin dai ku bar wa Goggo.