Gwaggo Donme da Wasan da Ba Shi da Kwali

Sunan da aka raɗa wa gwaggona, ƙanwar mahaifina, sai a katin asibiti ake ganinsa. Kowa Donme yake ce mata. Tun tana ƙarama ta samo sunan, domin ba a taɓa aikenta ta fita ba sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Don me?" Babana ya ce ba gardama ba ce. In kana da amsa, da gudu za ta tafi. In ba ka da ita ne za ka sha wahala.

Ba ta yi nisa a makaranta ba. Ta auri wani direban babbar mota da ake kira Dogo, ta haifi 'ya'ya huɗu, sannan ta kama shago a layin masu kayan roba. Bokitai, baho, kofuna, kwandunan shara, kujerun yara, duk a jibge har rufi, sai da sanda mai ƙugiya take sauko da na sama. A nan tambayarta ta yi mata rana. Ita ta fara gano cewa jan bokiti ya fi shuɗi saurin koɗewa a rana, ta daina shanya shi a waje. Kuma komai na duniya da bokiti take auna shi. In ka ce mata ka sayi takalmi, sai ta ɗan runtse ido ta ce, "Bokiti shida kenan a ƙafarka."

Dogo ya kusa ajiye tuƙi ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Allah ya taƙaita, ƙafa ta dawo, baki ya dawo, amma yatsun hannun dama suka ƙi. Likita ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan sitiyari, a ce ya zauna yana matsa ƙwallo! Ya cilla ta ƙarƙashin gado. Sai Auta, ƙaramar 'yarsu da ke aiki a kantin magani, ta kawo na'urar wasa ta hannu-biyu, irin wadda ake jonawa da talabijin, da faifai guda na tseren motoci.

Da farko Dogo ya ce an mai da shi yaro. Bayan ɗan lokaci kuwa sai an yi da gaske yake tashi cin abinci. Da ya gaji da tseren, ya ce shi ba mahaukacin gudu ba ne, a nemo masa na babbar mota, mai ɗaukar kaya, wadda ake ba da hannu kafin a sha kwana.

Sayayya a gidan nan aikin Gwaggo ce. Ta sa Auta ta kwatanta mata shagon da ake sayar da faifan wasa, a saman bene, bayan masu gyaran waya. Mai shagon wani magidanci ne mai sanƙo, ana ce masa Mai Faifai. Ya ɗauko mata wasan babbar motar, sabo a leda, ya faɗi kuɗi. Gwaggo ta juya kwalin, ta girgiza shi kusa da kunne, ta taya rabi. Ya ce albarka. Ta nuna masa inda ledar ta ɗan yage. Ya rage. Ta miƙe kamar za ta tafi, ya kira ta. Ta dawo gida da faifai da farin ciki.

Rigimar ta fara ne da Dogo ya ji an fitar da ci gaban wasan, mai sababbin hanyoyi da ruwan sama. Auta ta ce, "Inna, ba sai kin hau benen nan ba. Ana saye a cikin na'urar, ya sauko ta intanet."

"Ba faifai?"

"Ba faifai, ba kwali."

"To ai zai yi araha," in ji Gwaggo, ta jawo kujera.

Auta ta buɗe kantin da ke cikin na'urar. Gwaggo ta dubi kuɗin, ta nemi tabarau, ta sake dubawa. Ya fi abin da Mai Faifai ya faɗa mata tun kafin tayi.

"Auta, wannan babu roba, babu takarda, babu kuɗin mota, babu ɗan dako, babu hayar shago. Kuma data ɗinmu zai sha. Me ya sa ya fi tsada?"

"Haka suke sa shi, Inna."

"Su wa? Kira min su."

"Ba a kiransu."

"To rubuta musu na taya."

Dogo ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Yau Donme ta gamu da ɗan kasuwar da ba shi da kunne."

Ba ta saya ba, kuma ba ta haƙura ba. Washegari ta bar shago a hannun maƙwabciya, ta hau bene. Mai Faifai ya ɗauka ƙorafi ta kawo, sai ya ga ta zauna a kan benci ta ajiye jaka.

"Ɗana, tambaya na zo yi. Kai da kake biyan haya da wuta, ta yaya ka fi su araha?"

Ya shafa kansa. "Mama, ni in faifai ya daɗe a kan kanta, kuɗina ne yake barci. Sabo zai fito, wannan ya zama tsoho. Ga wancan shagon na kallona, in na ƙi ragewa shi zai rage. Ga kuma masu dawo da wanda suka gama, in saya da araha in sayar da araha. Sabon nawa da tsohon nawa ma kishi suke."

"Su fa?"

"Su kanti ɗaya ne a cikin na'urar. Ba maƙwabci. Kayansu ba ya cin wuri, ba ya ƙura."

Gwaggo ta gyaɗa kai a hankali. Wannan yaren ta san shi. Amma ta ce, "To in haka ne, wa zai saya a wurinsu?"

"Mai gaggawa. Da wanda ba ya son hawa benen nan."

Ta sayi faifan a wurinsa, ta ɗauka magana ta ƙare. Sai ga shi wata rana da yamma Auta ta zo gida ta kira ta ɗaki. Wancan wasan da ya ƙi tayi, ga shi a kantin na'urar an ja wa kuɗinsa layi, an zubar da shi ƙasa da na tsohon faifai. Ba wanda ya roƙa, ba wanda ya miƙe kamar zai tafi. Kwanaki kaɗan kuma ya koma inda yake, kamar ba a yi ba.

Wannan ya fi na farko damun Gwaggo. Ta shiga leƙa kantin na'urar kullum in ta dawo kasuwa, kafin ma ta cire mayafi. Ta koyi danna maɓallan da kanta. Ta lura tsofaffin wasanni sun fi faɗowa, sababbi kuwa sai a hankali, kuma kusa da hutun makaranta abin ya fi yawa. A wani ragin ne ta kasa daurewa, ta sa Auta ta biya da katin banki aka sauko wa Dogo wasan noma, mai tarakta.

Daga nan ta ce bari ta gwada dabarar a kan bokiti. Ta yanke kuɗi ɗaya, ta daina karɓar tayi. Masu saye suka riƙa kallonta kamar ba ta da lafiya, su tsallaka wurin maƙwabciyarta, wata mai fara'a da ake kira Mai Tabarau. Gwaggo ta daure. Rannan kwatsam ta rataya kwali a ƙofa, ta zubar da kuɗin kusan rabi. Kafin azahar bokitai sun ƙare, har tana murna. Da safe ta zo ta tarar da su jere a gaban shagon Mai Tabarau, da alamar alli irin tata a gindinsu. Ashe ita ce ta turo 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya suka kwashe.

Gwaggo ba ta yi fushi ba. Ta je ta tsaya a kansu tana dariya, ta ce, "Yaya, kin koya min karatu." Da ta dawo gida ta ce wa Dogo, "Na gane. Su in sun yi ragi, ba wanda zai kwashe ya jera a gefensu."

Ba ta san iyakar gaskiyar maganarta ba sai da Dogo ya gaji da tarakta. Ya ce shi noma ba aikinsa ba ne. Gwaggo ta ce wa Auta ta ciro wasan a kai wa Mai Faifai, ko da rabin kuɗi ne.

"Inna, ba ya ciruwa. Ba a sayarwa."

"Ba mun biya ba?"

"Mun biya."

"To haya ce?"

"Ba haya ba ce, tunda ba a sake biya."

"To saye ne?"

Dogo ne ya ceci Auta, ba tare da ya ɗauke ido daga talabijin ba. Ya ce, "Kamar lasisina ne. Na biya, nawa ne, da sunana. Amma ba zan kai shi kasuwa ba."

Gwaggo ta juyo ta dube shi. Ta ce, "Shekara nawa muna tare, yau ka ba ni amsa mai kyau."

Tun daga lokacin ta kafa tsarinta. Wasan da take zaton Dogo zai gaji da shi, faifai take saya, tsoho in akwai, a mayar in an gama. Wanda zai zauna da shi kuwa, sai ta jira kantin na'ura ya yi raginsa, ko da zai ɗauki watanni, Dogo yana mita tana cewa ya yi haƙuri bai nuna ba tukuna. Wasan taraktar yana nan, tunda ba inda za shi, ita take buga shi ranar da ba kasuwa. Ta ce aƙalla a ci kuɗin.

Yatsun Dogo ba su koma kamar da ba, amma yanzu yana ɓalle maɓallin rigarsa da kansa, yana riƙe kofi ba ya zubarwa. Mai Faifai kuma rabin kantarsa ya koma caja da marfin waya. Gwaggo tana hawa benen lokaci-lokaci ko ba sayayya, su zauna su yi hirar kasuwa.

Da na je gaishe su kwanan baya, na same ta da sabuwar damuwa. Ta ji akwai wasannin da ake bayarwa kyauta, kuma masu su sun fi kowa samun kuɗi. Mai Faifai ya yi mata bayani bai gamsar da ita ba. An ce ƙanin mijin Auta yana aiki da masu haɗa irin waɗannan abubuwa na waya, kuma zai zo wata mai zuwa. Bawan Allah bai san komai ba, amma Gwaggo ta riga ta aika a gaya masa ya zo da yunwarsa, kuma kada ya sa wani aiki a ranar.