Lalle Iya Wuyan Hannu

Shekara ashirin ina yi wa matan Zango lalle, kuma kowa ya san bakina ba shi da linzami. Ranar wani biki a unguwar Asawase, 'yar yayana mai shekara sha huɗu ta zauna gabana ta miƙo hannu. Ana zafi kamar bakin murhu, ita kuwa rigarta mai dogon hannu ce, har da maɓalli.

"Naɗe hannun rigar," na ce.

"Goggo, a tsaya iya nan."

Watanni ke nan ta daina dariya, ta daina cin abinci tare da mu. Ni ce ma nake tsokanarta da kurma. Haushi ya ɗebe ni, na fizge hannun rigar sama. Sai ga yanka layi-layi, wasu sun warke, biyu ɗanyu. Na gane ba wani ne ya yi mata ba.

Ihu ya zo mini har maƙogwaro. Tsakar gidan cike da mata, uwarta na can gefe tana kwasar waakye, shinkafa da waken biki. In na buɗe baki, kafin la'asar labari ya kai har unguwar Akwatia Line cewa 'yar gidanmu na da aljanu. Uwar kuwa bulala kaɗai ta sani. Yarinyar ta kafe ni da ido.

"Me ya faru ne?" uwar ta tambaya.

"Ba komai, Yaya, lallen ne ya yi ruwa."

Na sauke hannun rigar, na ɓalla maɓallin da kaina. Ban taɓa zana fure mai muni kamar na ranar ba.

Washegari ni da yarinyar muka hau trotro, motar haya, zuwa asibiti, wajen wata nas mai ganin yara masu damuwa. Ta ce ba aljanu ba ne, ba kuma iskanci ba. Ciwo ne a zuci, dukan yarinya ƙara shi yake. Za ta zauna da iyayen, kuma sai an riƙa kawo yarinyar.

Sannan ta tambayi yarinyar, "In abin ya taso miki, wa za ki iya gaya wa?"

Yarinyar ta nuna ni da yatsa.

"Goggo. Tun azumi nake so in gaya mata, amma kullum faɗa take."

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata. Har yau in na ji sallamarta a ƙofa, sai na sassauta murya kafin in amsa.