Ramin da Yaya Nafi'u Ya Rufe, Ni Na Farka Shi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Nafi'u, kuma sai bana na samu ƙarfin zuciyar rubuta abin da ya kamata in faɗa masa baki da baki tun yana raye.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Nafi'u shi ne mutum na farko a ƙauyenmu, nan gefen Kutama, da ya hau jirgi saboda shanu. Yana karatun kiwo a jami'a aka zaɓe shi cikin ɗaliban musaya, ya yi wata shida a Brazil. Da ya dawo kowa na jiran tsarabar agogo da turare, shi kuwa hotunan shanu ya cika waya da su. Farare tas, masu tozo, ka rantse bunajinmu ne, sai dai su ba ka ƙirga haƙarƙarinsu da rani. Ya ce sirrin ba a jinin saniyar yake ba, a rami yake.

Bari in yi bayani, don abin nan in na fara ba na gajiya. Masara ake yankewa tana ɗanya, da goyonta da komai, a daddatsa ta ƙanana, a zuba a rami, a tattake sosai har iska ta fita, a lulluɓe da leda, a bi da ƙasa. Can ciki sai ta yi tsami irin na kindirmo, ta zauna lafiya har bazara, lokacin da harawa ta ƙare dabba na lasar turke. Sharaɗi ɗaya ne: kada iska ko ruwa su shiga.

Da ya kawo maganar, Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Nafi'u, masarar da za a yi tuwo ita za ka binne wa sa? Mutanen can ba su taɓa ganin yunwa ba ne?" Sai da Inna ta sa baki aka bar masa kunya goma sha biyu a gefen gona. Kwana biyu muka yi muna datsa da adda, muna tattakawa kamar masu kwaɓin ƙasar gini. Masu wucewa kasuwar Gwarzo kan tsaya su ce, "Malam Nafi'u, sannu da jana'iza, yaushe sadakar uku?" Dariya kawai yake yi. Ranar da zai koma makaranta ya ce min, "Habu, amana ce. Kada kowa ya taɓa sai na dawo."

Ina da shekara goma sha tara a lokacin, kuma tsiyar da abokaina ke min a majalisa ta ishe ni. Bayan sati biyu, wata la'asar, na tone gefe ɗaya, na farka ledar da tsinin lauje, na zura hannu. Na ji tsami ya daki hancina, na ce shi ke nan, ta lalace. Na tura ƙasa da ƙafa na yi tafiyata. Kwana uku bayan haka aka zuba ruwan ƙarshen damina.

Da Yaya ya dawo, ya tara Baba da maƙwabta, aka yaye ledar. Baƙi ƙirin, ga fumfuna, ga wari. Baba ya juya ya tafi, kuma wannan ya fi faɗa ciwo. Da muka rage mu biyu Yaya ya ce, "Ka tabbata ba wanda ya taɓa?" Na ce, "Ba kowa, Yaya." Sai ya ce, "To, ni ne ban tattake da kyau ba." Ya sa niyyar sake gwadawa wata daminar, amma kafin ruwan fari ya sauka, jinyar kwana biyar ta ɗauke shi. Ya tafi yana zaton shi ne ya kasa.

Ni ban je jami'a ba. Da littafin rubutunsa da bidiyon waya na koyi aikin ramin, ina tsayar da hoto ina ƙura ido in ga tsawon datsa. Ranar da na buɗe ramina na farko na ji tsamin nan sak irin wanda na ji a nasa. Ashe masararsa lafiya lau take sanda na zura hannu. Rashin sani ya fi dare duhu, amma ƙaryar da na yi masa ba rashin sani ba ce.

Nakan tambayi kaina, da yana nan me zai ce? Burtali ya zama gona, makiyayi da manomi suna hararar juna a kan kara, ga injin datsa ana haya daga Gude, aikin kwana biyu ya koma na hantsi ɗaya. Ina jin zai yi murna, sannan ya yi min faɗa cewa ramukan nawa uku sun yi kusa da hanyar ruwa. Bara na gaya wa Baba gaskiya. Ya jima yana jan carbi, sannan ya ce, "Da ni da kai duk mun cuce shi, kai da lauje, ni da baki." Da na sani ƙeya ce.

Bai bar digirin da ya ƙarasa ba, bai bar garke ba, bai bar ɗa ba. Amma makon jiya wani dattijo ya zo daga Durun a babur, ya ɗebi masarar ramin ya shaƙa, ya ce, "Ɗan nan, wa ya koya maka?" Na ce yayana ne. Ya ce, "To, kai ni in gaishe shi, in yi masa godiya." Na ce, "Baba, sai dai addu'a." Ya karkaɗe hannayensa, ya ɗaga su a nan bakin ramin, muka shafa tare.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Aikinka bai lalace ba, ni na lalata shi.