Chindo Wanzami da Hoton Mai Tukunya

Chindo ƙanen kakata ne, wanzami a Gazawa. Bai taɓa shiga lakol ba, wato makarantar boko, amma ya yi shekara talatin yana aski a gindin wata tsamiya ta bakin kasuwa, har ya kai idan ya dubi fuska sau ɗaya ya san halin da mai ita ke ciki.

Shekara biyu da samun ƴancin kai, wani saurayi mai suna Ɗahiru ya fara zuwa daga Maradi da mota, ɗauke da injin silima da farin ƙyalle. Wata ranar kasuwa ya manna hoton tallar wani wasan ban dariya na Turawa da zai nuna mako mai zuwa. Wani ƙato ne a ciki, ya wangale baki yana dariya, haƙora duk a waje. Jama'a suka duba, kowa ya wuce harkarsa. Da rana ta take, Ɗahiru ya zauna gaban Chindo a yi masa aski, ransa a ɓace.

Ya ce, "Baba, mutanen garinku ba sa son dariya ne?"

Chindo ya ce, "Suna so, ɗana. Mutumin naka ne ya cinye dariyar shi kaɗai, bai rage mana komai ba. Kuma dubi idonsa, baki ne kawai ke aiki. Ba ka da wani hoton?"

Ashe akwai na biyu a naɗe cikin mota, wanda Ɗahiru ya raina don babu mai dariya a ciki. Ƙaton nan ne dai, a kayan kuku, ya rungumi tukunyar miya yana hawan bene, fuska a murtuke kamar alƙali. A bayansa wani bunsuru ya kama igiyar rigarsa yana tauna.

Chindo ya ajiye aska, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wanda ya zana wannan ya san aikinsa. Ga ƙafar hagu ba ta sauka a matakala ba tukuna. Shi bai san da bunsurun ba, mu mun sani. Manna wannan."

Kafin la'asar mutane sun yi cincirindo gaban hoton. A lokacin ne Ɗahiru kan shiga wani siton gyaɗa mai duhu ya nuna ɗan guntun wasan kyauta don jawo masu kallo. Ya roƙi Chindo ya fara gani shi kaɗai. A guntun, bunsuru ya ja igiya, kuku ya gangaro, miya ta wanke shi tun daga kai har ƙafa. Chindo ya yi dariya har da hawaye, ya yabi yadda ƙaton ya iya faɗuwa, sannan ya ce, "Idan jama'a sun shigo, da zarar bunsuru ya ja, ka rufe idon injin."

Ɗahiru ya ce, "Baba, ai nan ne wurin da ya fi daɗi."

"Shi ya sa. Wanda ka ƙosar a ƙofar gida ba ya shiga ciki."

Da lokacin ya zo sai Ɗahiru ya cire hularsa ya kife a kan fitilar. Sito ya kaure da gunaguni. Mako guda ana gardama a Gazawa, wasu na cewa kuku zai faɗi, wasu na cewa zai tsira da miyarsa. Ranar wasan har daga Agiye aka zo a kan jakuna, filin silimar bai ɗauki mutane ba.

Daga nan Ɗahiru bai ƙara manna hoto ba sai Chindo ya gani. Ba kullum Chindo yake dacewa ba. Akwai wasan da ya kushe hotonsa, jama'a kuwa suka so shi ƙwarai, washegari ya faɗa da bakinsa a gindin tsamiya cewa ya yi kuskure. Ɗahiru ya so ya tafi da shi Maradi su yi aiki tare, Chindo ya ce wa zai bar wa kawunan Gazawa? Ya ci gaba da askinsa har hannunsa ya soma rawa, sannan ya miƙa zabira ga ɗansa Mudi.