Kaset ɗin Isufu Mai Manyeto

Wata Laraba cikin bazarar 1985, zamanin mulkin soja, ina dawowa daga lakwal, wato makarantar boko, da jakar littattafaina a ka, sai na ji muryar uwata a gindin dogon yaron da mazan unguwarmu ke zama a Filinge. Na yi turus, domin na san Inna tana gida tana surfe. Maza kusan goma ne a kan tabarmi, ana ta ƙyaƙyata dariya, a tsakiyarsu kuma ga Isufu ya rungume manyetonsa, wato rikoda, yana mayar da kaset baya don a sake jin wurin da ya fi ba su dariya. Shekaruna goma sha ɗaya a lokacin. Na tsaya har na ji komai.

Shekarar nan yunwa ta kori maza da yawa daga ƙasar Kurfai, Baba ma yana Abijan wajen nema. Inna ba ta yi boko ba, saboda haka wasiƙarta kaset ce. Akwai mu da guda ɗaya baƙa mai nauyi, mai ƙusoshi a kusurwa, wadda ke zuwa ta dawo a aljihun direbobi. Inna ta yi magana a kai, Baba ya saurara ya ɗora amsarsa a bisa tata, ita ma ta saurara ta ɗora sabuwa. Duk unguwar Isufu kaɗai ke da manyeto, mai baki biyu da ke iya kwafe kaset, don haka a ɗakinsa mata ke ɗaukar saƙo. Ni nake raka Inna. Yakan danna jan maɓalli ya fita waje, wai don ya ba ta sarari, ashe in mun tafi sai ya kwafe abin da ya ga dama kafin direba ya zo karɓa.

A saƙon nan Inna ta faɗi abin da ya rage a rumbu, ta gaida dangi ɗaya bayan ɗaya. Can ƙarshe zuciyarta ta karye, ta kira Baba da sunansa na yanka, abin da ko mu 'ya'yanta ba mu taɓa ji a bakinta ba, ta ce ta yi kewarsa, sannan ta rera masa 'yar waƙar da take yi in tana niƙa. Wannan ne aka baje a gindin bishiya. Kafin mako ya zagayo yara suna maƙe murya suna kwaikwayonta a filin lakwal, ko gaɗa muka shiga sai wata ta ɗauko waƙar. Na fasa wa wata yarinya baki, mushe, wato malaminmu, ya sa ni durƙuso a rana. Inna ta daina zuwa rijiya, ta daina zuwa suna, ni na koma ɗaukar tulu safe da yamma. Abin da kawai ta ce da ni shi ne, “Ki ƙyale shi, ɗiyata, Allah na gani.” Ni kuwa ban ga dalilin da zan bar wa Allah aikin da hannuna zai iya ba.

Isufu yana da wata kaset da yake ji da ita fiye da 'ya'yansa, irin sabbin nan masu farin jiki da ake hango zaren ciki. Wani tsohon makaɗin gurmi daga wajen Sanam ya taɓa wasa shi a kai, tun daga kakanninsa har zuwa rawaninsa, kuma makaɗin ya riga ya rasu. Kaset marar komai ta yi wuya a shekarar, sai ya zuba muryar Inna a ɗayan gefen wannan. Ya karye 'yan haƙoran robar da ke samanta, domin in aka karye su jan maɓalli ba ya dannuwa. Amma a ɗakinsa na sha gani, in mata sun kawo tsohuwar kaset, yana cusa takarda a ramin, maɓallin ya dannu lafiya lau.

Na jira Juma'a. Da ya saka babbar riga ya tafi masallaci, na shiga gidansa da tulun ruwa kamar aike. Na yagi takarda daga littafin lissafina, na tauna, na toshe ramukan nan biyu, na saka gefen Inna, na danna. Na zauna a ƙasa ina kallon zare yana juyawa, raina yana yin sanyi. Rabin awa ban motsa ba. Yana gab da ƙarewa sai na ga inuwa a bakin ƙofa: Haule ce, matar Isufu, da taɓarya a hannu. Ta dube ni, ta dubi manyeton. Na riga na miƙa wuya ga duka, sai ta ce, “Mi kike jira? Juya ɗayan gefen ma, kunnena ya gaji.” Ta koma dakanta, ni kuma na bi umarnin babba.

Da la'asar na laɓe a bayan dangar gidanmu. Isufu ya shimfiɗa ƙafa cikin maza a gindin dogon yaro, ya danna. Babu gurmi, babu kakanni. Lugude ne, da kukan akuya, da carar wani zakara marar kunya. Ya juya kaset, ya hura, ya buga ta a tafin hannu, aka sake jin akuya, can ƙarshe kuma ga muryar matarsa tangaran tana ba da umarni. Dariyar da aka yi masa ta ninka wadda aka yi wa Inna. Ya zauna kamar jiƙaƙƙiyar kaza, kuma bai iya kai ƙara ko'ina ba, don sai ya faɗi abin da ke bayan kaset ɗin. Washegari Inna ta ɗauki tulunta da kanta. Ba ta tambaye ni komai ba, amma furata ranar ta fi ta kowa nono.

Bayan shekaru, ina aikin koyarwa, faifan sede, wato CD, marar komai ya shigo kasuwa. Na farko mai ruwan zinariya ne, kowane cikin gidansa na roba, daga baya aka kawo masu shuɗin ciki, sai farare sirara da ake jerawa a sanda kamar waina. A kan fuskarsu ake rubuta suna da alƙalami, ba su da haƙori, ba su da rami, abin da aka ɗora ya zauna ke nan. Mutane suka yi ta kwaso tsofaffin kaset ana juye musu muryoyin iyayensu. Lokacin Inna ta shekara biyu da rasuwa. Na zazzage akwatunanta na samo baƙar kaset ɗin nan, na saurara daga farko har ƙarshe: Baba ne kaɗai, yana cewa zai dawo kafin shuka. Shi ya yi magana ta ƙarshe a kai.

Yau ko tarin jikata yana ajiye a cikin ɗan katin waya da bai kai farce ba. Ni kuwa nakan rera waƙar niƙan nan, amma da muryata take fitowa, ta Inna tana ƙara yi mini nisa kowace shekara. Isufu yana nan da ransa, ya tsufa, nakan gaishe shi in mun haɗu. Dariyar da ya sa aka yi mata na rama tun ina yarinya. Muryarta da ya sa na goge da hannuna ce ban yafe masa ba.